Ciwon gefen gwiwa da ya hana wani ɗan kasuwar Ikeja gudu: yanda ya faro da yanda ya ƙare

Kafin ciwon: Yuni zuwa Satumba 2024

Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne a nan Legas, fisiyo kaman yanda mutane ke ce mana, kuma wanda zan kawo lamarinsa ya yarje min in rubuta amma banda suna. Shekararsa 37, ɗan jihar Kano ne amma ya daɗe a Legas, gidansa na Agege, shagonsa na Computer Village a Ikeja inda yake saida kayan waya. Bai taɓa karaya ba, bai taɓa targaɗe a gwiwa ba, ba shi da suga. Hawan jini ne aka ce ya fara leƙo shi, aka ce ya rage gishiri ya dinga motsa jiki. Nauyinsa lokacin kilo 84.

A watan Yuni 2024 ya fara sassarfa bayan sallar asuba kafin titi ya cika da motocin haya na danfo da keke, kilomita 3 zuwa 4, sau uku a sati, ran Lahadi kuma ya buga ƙwallo da 'yan unguwa kaman yanda ya saba tun yana saurayi. In ka haɗa duka gudun bai wuce kilomita 12 a sati ba. Wata huɗu yana haka lafiya lau, nauyi ya sauko kilo 80, awon jini ya yi kyau. Sauran wuninsa kuwa tsayuwa ce a shago, sai zaman danfo a goslo gwiwa a takure jikin kujerar gaba, sai hawa da saukar gadar tsallaka titi safe da yamma.

Oktoba zuwa 9 ga Nuwamba 2024: farkon abun

Kusan duk shekara a watan Fabrairu ana gudun fanfalaki na Legas, tun 2016 ake yinsa, a wancan lokacin ana tashi daga babban filin wasa na Surulere a bi ta gadar Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42. A guruf ɗinsu na WhatsApp ne abokai suka ce bana sai sun shiga, shi ma ya ce da shi, kuma ba ma ƙaramin na kilomita 10 ba, babban yake so.

Daga nan tirenin ya canza gaba ɗaya. Satin farko na Oktoba kilomita 12, na biyu 20, na uku 28, na huɗu 36. Kwana uku ya koma kwana shida. Ran Asabar kuma suna tafiya can gadar Lekki da Ikoyi inda masu gudu ke taruwa, su hau su gangaro su sake hawa. A unguwa kullum hanya ɗaya yake bi kuma hannu ɗaya, gefen hagu yana fuskantar motoci don ya ga abun da ke tahowa, to titi kuma tsakiyarsa ta fi tudu yana zubewa wajen kwata, kenan ƙafar hagu kullum ita ce a ƙasa. Takalminsa kambas ne na gwanjo da ya saya a kasuwar Katangowa, dunduniyar ta cinye ta gefen waje.

Ran Asabar 9 ga Nuwamba, wajen kilomita na 7 suna gangarowa daga gada, ya ji wani abu ya soke shi a gefen gwiwar hagu ta waje. Ya tsaya ya taka a hankali, abun ya lafa, ya sake ɗaukar gudu, bai yi minti biyu ba ya dawo. Da ƙafa ya ƙarasa. Washegari ya tashi garau, ba kumburi ba ɗingishi, har ya ce ai jijiya ce ta harɗe ta warware.

Nuwamba da Disamba 2024: abubuwan da ya gwada

Bai rage komai ba a sati biyun farko. Abun da ya lura da shi, ciwon yana da lokaci, da fari sai ya yi minti 35 yana gudu sannan ya zo, sai ya koma minti 25, sai 15. Zuwa ƙarshen Nuwamba saukowa daga gadar tsallaka titi ma sai ya riƙe ƙarfe, hawa kuwa ba ya jin komai.

Ya fara da man zafi safe da dare. Sannan kemis, aka ba shi maganin kashe ciwo diclofenac, ya dinga haɗiya ɗaya kafin ya fita gudu, ciwon ya ja baya zuwa minti 30, ya ci gaba da yin kilomita 30 a sati a kan magani. Kwana goma sha biyu yana haka cikinsa ya fara zafi, ya bari, da ya bari kuma sai ciwon ya dawo tun a minti 8.

Farkon Disamba wani dattijo a kasuwa ya ce gocewa ce, ya haɗa shi da mai ɗori. Mai ɗorin ya taɓa ya ce ba karaya ba gocewa, jijiya ce ta hau kan 'yar uwarta, ya murza wajen sosai ya ɗaure da tsumma. Kwana uku wajen na zugi ko kwanciya ta gefen hagu ba ya iyawa. Bayan haka ya je wajen wanzami aka yi masa ƙaho a cinya, ya ce ya ji ƙafar ta yi sakayau, amma ranar da ya gwada gudu ciwon na nan a inda yake. Da hunturu ya shigo wasu suka ce sanyin ƙashi ne, ya sayi safar gwiwa yana sawa.

Tsakiyar Disamba ya je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ba komai, ya huta. Ya huta sati uku cur, ba gudu ba ƙwallo ba atisaye ko ɗaya. Ciwon matakala ya tafi. Ran 2 ga Janairu ya fita da niyyar kilomita 12 don ya rama abun da ya wuce shi, a minti 14 ya tsaya.

6 ga Janairu 2025: zuwansa da abun da awo ya nuna

Yana zama abun da ya fara faɗa shi ne, "Likita ni dai ka gaya min gaskiya, gwiwar ta cinye ne?" Na ce Malam bari mu duba tukun, nuna min wajen da yatsa ɗaya. Ya ɗora yatsa daidai kan wani ɗan tudun ƙashi a gefen gwiwa ta waje, kaman yatsa biyu sama da inda ƙashin cinya da na ƙwauri suka haɗu.

Ba kumburi, ba ruwa a gwiwar, tana miƙewa tana lanƙwashewa har ƙarshe. Ba ta taɓa maƙalewa ba, ba ta taɓa zubar da shi ba, ba ta tashinsa cikin dare. Na tambaye shi sallah fa, ya ce sujada da zaman tahiya lafiya lau, sai dai wani lokacin in zai miƙe yakan ji ɗan tsunkuli daf da ƙafar za ta miƙe. Gwajin guringuntsin cikin gwiwa bai tada komai ba, jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ta gefe da ta ciki da ƙarfinsu, ƙoƙon gwiwa ba ciwo, bayansa ma na duba ba daga can abun ke saukowa ba.

Sai na kwantar da shi na danna wancan tudun ƙashin da babban yatsa ina miƙe ƙafar a hankali, tana zuwa wajen digiri 30 ya ce "yawwa shi ne, wallahi shi ne." Wannan shi ake kira gwajin Noble.

Abubuwan da na rubuta a kati ranar: ciwo lokacin gudu 7 cikin 10, yana farawa a minti 12 zuwa 14. Kwanciya ta gefe a ɗaga ƙafa sama, dama sau 31, hagu sau 17. Tokarewa ta gefe da gwiwar hannu, dama sakan 44, hagu sakan 21. Sauka daga mataki mai tsayin santimita 20 da ƙafa ɗaya, a hagu ƙugunsa na zubewa gefe gwiwar na shigewa ciki tun daga na uku. Na ɗauke shi bidiyo da waya ta baya yana gudu, takunsa 156 a minti, dogon taku, kuma ƙafafun suna sauka kan layi ɗaya har hagu tana tsallakawa ɓangaren dama.

Na yi masa bayani. Akwai wata faffaɗar jijiya da ta taso daga ƙugu ta bi katara har ta manne a saman ƙashin ƙwauri ta waje, ana ce mata ITB, tsokar mazaunai da wata ƙaramar tsoka ta gaban ƙugu su ke jan ta daga sama. Taurinta kaman tayar mota, ba a miƙar da ita da hannu. Wani likita James Renne ne ya bayyana ciwon a 1975 a jikin sojojin Amurka masu tirenin, kuma an daɗe ana cewa goga ƙashi take yi tana kai da kawo. A 2006 su Fairclough suka nuna cewa jijiyar a manne take da ƙashin cinya, abun da ke ƙarƙashinta wani kitse ne mai yawan jijiyoyin jini da na jin ciwo, shi take matsewa duk lokacin da gwiwa ta zo wajen digiri 30. Wannan kuwa shi ne inda gwiwa take kaiwa jim kaɗan bayan ƙafa ta dira ƙasa a gudu, sau dubbai a fita ɗaya, kuma a gangara abun ya fi tsanani. A sujada gwiwa ta wuce wannan wajen, shi ya sa ba ya jin komai, hoton ƙashi kuma ba ya nuna kitse.

Ya ce to gasar Fabrairu fa. Na ce Malam ta bana ka haƙura da ita. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce to Allah ya kaimu ta baɗi.

6 zuwa 31 ga Janairu: kwantar da ciwo da fara ƙarfafa ƙugu

Sati biyun farko ba gudu, amma ba zama ba. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri minti 30 kullum, ƙanƙara a cikin tsumma minti 10 in wajen ya yi zafi da yamma, ba magani kafin motsa jiki, ba murza wajen. Gadar tsallaka titi ba yanda zai yi da ita, ba zan ce ya ratsa titin Ikeja ba, sai na ce ya dinga saukowa ƙafar hagu na gaba, mataki ɗai-ɗai.

Atisayen sau huɗu a sati, a ɗaki kan tabarma. Kwanciya ta gefe a ɗaga ƙafar sama tana ɗan ja baya, yatsu na kallon gaba. Kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu, da ƙafa biyu sannan da ɗaya. Tafiyar kaguwa da roba a ɗaure a idon sawu. Tokarewa ta gefe. Kowanne zagaye uku, kuma sharaɗin shi ne ya ji gajiyar a mazaunai, in a gaban cinya ko baya yake ji to ba daidai yake yi ba. Satin farko ya turo min bidiyo, ƙafar tana zuwa gaba yana juyar da ƙugu, muka gyara ta hanyar jingina bayansa da bango.

Ran 20 ga Janairu matakala ba ciwo, danna wajen ya sauko 3 cikin 10. Muka fara gudu gauraye da tafiya, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya sau takwas, yau a yi gobe a huta, a fili ba a kan titi ba, kuma in zagaye yake ya dinga juya hannu. Ƙa'idar ita ce in ciwo ya kai 3 cikin 10 ya tsaya, in ya kwana bai tafi ba a koma matakin baya. Ya sa manhajar ƙirga taku a waya muka saita 165, wato ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari, gajeren taku da sauri-sauri, na kuma ce ya ɗauka akwai layi a ƙasa kowace ƙafa ta tsaya a ɓangarenta. Ya canza takalmi. Zuwa 31 ga wata yana yin minti huɗu gudu minti ɗaya tafiya sau biyar ba ciwo.

1 ga Fabrairu: komawa baya

Ran Asabar ɗin abokansa na tirenin ɗin ƙarshe-ƙarshe kafin gasa, ya bi su gadar Lekki da niyyar kallo, ya ƙare da kilomita 9 har da gangara. Ciwon ya zo a kilomita na 5 bai tsaya ba. Litinin ya zo, ciwon matakala ya dawo, danna wajen 6 cikin 10. Ya ce "Likita kar ka yi faɗa." Na ce ba faɗa, aikin sati huɗu bai zube ba, ƙarfin ƙugu na nan, wajen ne ya fusata. Kwana takwas ba gudu, atisaye bai tsaya ba, ran 10 ga Fabrairu muka koma minti biyu gudu minti ɗaya tafiya. Ranar gasa ya je ya kalli abokansa.

Fabrairu zuwa ƙarshen Maris: nauyi da azumi

A nan atisayen ya tashi daga tabarma ya koma tsaye. Sauka daga mataki da ƙafa ɗaya a gaban madubi yana kallon gwiwa kar ta shige ciki, tsuguno ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, sunkuyo a kan ƙafa ɗaya. Ba shi da ƙarafan ɗagawa irin na gidan motsa jiki, sai muka yi amfani da jarka, lita 5 sannan lita 10, daga baya jakar baya da littattafai a ciki. Sau uku a sati, sau 8 zuwa 10 a kowane zagaye, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su yi wuya. Tsakiyar Maris muka ƙara tsalle-tsalle kaɗan da igiya.

Azumi ya kama farkon Maris, sai muka maida komai dare, atisaye bayan asham, gudu kuma sau biyu a sati kawai wajen awa biyu bayan shan ruwa, kuma ba mu ƙara nisa sosai ba saboda barci ya ragu ga zafin Legas. Ran 24 ga Maris ya yi minti 25 a jere ba ciwo. Ɗaga ƙafa ta gefe hagu 30 dama 33, tokarewa hagu sakan 48, sauka daga mataki sau 12 ƙugu bai zube ba.

Afrilu zuwa Yuni 2025: inda aka tsaya

Bayan sallah gudu ya koma sau uku a sati, ana ƙara kilomita ɗaya zuwa biyu a jimlar sati, duk sati na huɗu a rage. Ƙwallo ta dawo tsakiyar Afrilu, rabin lokaci da farko. Gangara ita ce ta ƙarshe, farkon Mayu, gajeriya sau uku da ƙananan taku. Ran 24 ga Mayu ya yi kilomita 10 har da gada ba ciwo, washegari ma ba ciwo. Zuwan ƙarshe ran 16 ga Yuni, kilomita 24 a sati, taku 166, gwajin Noble bai tada komai ba, nauyi kilo 78. Atisayen ƙugu ya rage zuwa sau biyu a sati.

Abun da nake gani

A ganina abun da ya jawo ciwon shi ne watan Oktoba, nisa ya ninka uku cikin sati huɗu, ranakun hutu suka tafi, gangara ta shigo duk a lokaci ɗaya. Raunin ƙugu da dogon taku da titi mai zubewa da takalmi duk suna nan tun Yuni yana gudu da su lafiya, sai da aka jibga kaya sannan suka nuna kansu. Shi ya sa nake ba tsarin dawowa gudu muhimmanci fiye da kowane atisaye ɗaya, kuma Asabar ɗin 1 ga Fabrairu ta nuna haka, ƙugunsa ya fara ƙarfi amma kilomita 9 da gangara suka maida shi baya a fita ɗaya.

Ƙarfafa ƙugu ya yi aiki saboda tsokar mazaunai ita ke hana ƙugu zubewa da cinya shigewa ciki, in suka zube jijiyar na ƙara ɗamewa ta ƙara matse kitsen. A 2000 su Fredericson a jami'ar Stanford sun bi masu gudu 24 da wannan ciwon, bayan sati shida na ƙarfafa tsokar gefen ƙugu 22 sun koma gudu ba ciwo. Gajeren taku kuma yana rage nauyin da gwiwa ke ɗauka a kowace dira, faɗaɗa tsakanin ƙafafu kaɗan yana sassauta jijiyar.

Hutun sati uku na Disamba ya kwantar da wajen, amma bai ƙara masa komai ba, ya ma rage masa abun da jiki ya saba ɗauka, sai ya dawo da kilomita 12 rana ɗaya. Mai ɗori ya faɗi gaskiya da ya ce ba karaya ba gocewa, kuma ina girmama hakan, matsalar murzar ce, wajen da matsi ya fusata aka ƙara matsawa. Man zafi da ƙaho da safar gwiwa ba su cutar da shi ba, sati-sati kawai suka ci da kuɗi.

Wanda ya fi damuna shi ne maganin da yake haɗiya kafin gudu. Ciwon nan shi ne kaɗai ke gaya masa ya isa haka, ya toshe masa baki ya ci gaba da kilomita 30 a sati, lokacin fara ciwo ya faɗo daga minti 15 zuwa 8. Ga kuma irin wannan maganin yana cin ciki, yana iya taɓa ƙoda musamman ga mai zufa da yawa cikin zafi bai sha ruwa ba, yana kuma iya ɗaga hawan jini, abun da tun farko ya sa shi fara gudun. Ina ganin wannan sosai a wajen 'yan ƙwallon unguwa da masu dako, ba shi kaɗai ba.

Duk wannan tsarin na bi shi ne don gwiwarsa ba ta kumbura ba, ba ta maƙalewa, ba ta zubar da shi, ba faɗuwa ya yi ba, ba zazzaɓi, ba ciwon dare. Da akwai ɗaya daga cikin waɗannan da ban fara da tabarma da roba ba, da wajen likitan ƙashi zan tura shi a ranar, asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, a duba cikin gwiwar tukun.